Shekarar da Na Ƙara wa Yaran Ruga

A katin shaidata an rubuta cewa ran ɗaya ga Janairu aka haife ni. Haka aka rubuta wa mahaifina, haka aka rubuta wa ƙanwata, da kusan duk 'yan ajinmu a lakwal ɗin Galma, makarantarmu ta firamare. Ba baki iyayenmu suka haɗa ba. Idan mutum ya je neman takardar haihuwa bayan ya yi wayo, kuma ba wanda ya riƙe ranar, sai ma'aikaci ya dube shi sama da ƙasa ya rubuta né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Da na'urori suka shigo ofisoshi suka ce su ba su san wajajen ba, sai aka tattara mu gaba ɗaya aka zuba a ranar farko ta shekara. Lokacin da nake karatun ordinata, wato kwamfuta, a Yamai na sha ba abokaina dariya da wannan labari. Na iya ba da shi sosai, har da kwaikwayon muryar ma'aikacin.

Na dawo gida da difuloma, da jakar ratayawa, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba. Aiki na farko da na samu shi ne a wata ƙaramar ƙungiyar lafiya a Madawa, wadda take bin makiyaya ruga-ruga tsakanin Madawa da Buza da Kaita. Babban aikinta na damina ne. Duk wata, tun daga saukar ruwa har ɗaukewarsa, ana ba yaran da ba su kai shekara biyar ba maganin da ke kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya kai biyar ya fita daga rabo. An ɗauke ni ne don in mayar da rajistar yaran cikin na'ura.

Mai kula da aikin wata dattijuwa ce, Kirista, wadda ta yi jinyar mutane a asibitin mishan har gashinta ya yi fari kafin ta dawo nan. Kowa Mama yake ce mata, har limamin unguwa. Tana da tarin kaye, littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, a ɗaure da robar tayar keke. Ranar da na fara buɗe ɗaya sai da na danne dariya. Inda ya kamata a ga lambobi, sai ka ga ta rubuta: an haife ta ana yankan dawa, uwar ba ta jin Hausa sosai, ɗiyar fari. Idan ranta ya ɓaci ba ta faɗa, sai dai ka ji ta fara rera waƙar majami'a ƙasa-ƙasa. Ni kuwa Injiniya take ce mini, da wata irin murya wadda har yau ban tabbatar ko girmamawa ce ba.

"Injiniya," in ji ta, tana kallon ordinatar, "wanga abu naka, shina sanin mutane?"

"Mama, ba shi mantuwa, ba shi gajiya, kuma gara ba ta ci nai."

"To, madalla," ta ce, ta mayar da robarta.

Tsarin aikin mai sauƙi ne a baki. Ma'aikata su shiga daji da salula, wayar hannu ke nan, su rubuta yara, in sun fito inda akwai rezo, wato inda waya ke kamawa, salular ta aika wa ordinatar ofis. Manhajar salula da ta ofis ba harshe ɗaya suke ji ba, saboda haka sai an naɗe bayanin kowane yaro cikin wani tsarin rubutu da ake kira JSON, a aika, can kuma a warware shi ya koma yadda yake. Shi JSON talaka ne, kayan ɗakinsa kaɗan ne. Ya san rubutu, ya san lamba, ya san i da a'a, ya san babu, ya iya jera abubuwa ya kuma iya ƙunshe su wuri ɗaya. Kwanan wata ba ya cikin abin da ya sani. Ka ba shi suna ya karɓa, ka ba shi nauyin yaro ya karɓa, amma ranar haihuwa sai ka fara mayar da ita rubutu da hannunka, kuma mai karɓa a wancan gefen sai ya san ainihin yadda ka rubuta kafin ya mayar da ita rana. An koyar da mu wannan a makaranta. Ina jin makon ne na je bikin wani abokina a Dogon Dutsi.

A gwajin farko ordinatar ofis ta tsaya cak, ta fito da jan rubutu. Ma'anarsa ita ce, wannan abu kwanan wata ne, ba ta san yadda za ta saka shi cikin JSON ba. Gaskiya ta faɗa, kuma cikin ladabi. Ni kuwa haushi na ji, don Mama tana zaune a bayana tana tsince wake. Na rubuta layi ɗaya na ce mata duk abin da ba ta gane ba ta mayar da shi rubutu ta wuce. Jan rubutun ya ɓace. Na gyara zaman tabarau.

Salula ita ba ta yi ƙorafi ba ko kaɗan. Ta karɓi ranar haihuwa ta naɗe ta aika da kanta, abin har ya burge ni. Sai dai da saƙon ya iso ofis, ranar ta zo da doguwar wutsiya. Bayan shekara da wata da rana akwai wani harafi, sai awa, sai minti, sai sifili-sifili, sai wani harafin. Ordinatar ta sake shaƙewa, ta ce ba irin wannan rubutun take jira ba. Na ƙirga na ga shekara da wata da rana sun ƙare a gurbi na goma, na ce ta ɗauki goman farko ta yar da sauran. Na ga wutsiyar da idona. Na ga ta fara da ashirin da uku. Ban tambayi kaina dalilin da zai sa duk yaran daji su zo duniya ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba.

Na ƙara yin dabara biyu, kuma a lokacin dabara na ɗauke su. Ta farko, da yake yaran ruga ba su da takarda, na sa salula ta riƙa cika ɗaya ga Janairu da kanta, ma'aikaci ya sa shekara kawai ya wuce. Ta biyu, wajen lissafin shekarun yaro na ce a cire shekarar haihuwa daga shekarar da muke ciki, shi ke nan, ba ruwanmu da wata ko rana. Me za a yi da su, tunda duk rana ɗaya aka haife mu? Sannan a taron ma'aikata na miƙe tsaye na kafa doka: magani a ƙirge yake bisa jerin sunayen da na'ura ta fitar, wanda babu sunansa kada a ba shi. Na faɗi haka da Faransanci, na maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba. Makiyaya da ranar kasuwa suke lissafi, saboda haka ranar kasuwa ake sa musu ta haɗuwa. Wata rana Mama ta dawo da ƙura har gira, ta ajiye jakarta.

"Injiniya, takardakka ta aike mu jajibiri. Mun tahi Ibohaman munka iske rumhuna wayam, sai awaki."

"Masu latsawa na, Mama. Yatsunsu sun yi kauri, suna taɓa ranar kusa."

"To. Allah shi rage musu kauri."

Ta zauna ta fara waƙarta. Na sa abin sauraro a kunne.

Ruwa ya sauka, aka yi zagayen farko na rabon magani. Ma'aikata suka dawo, sai ga kwalaye a kusurwar ofis ba a ko buɗe su ba. A shekarun baya maganin da kyar yake isa. Wani mai hankali da ya tsorata. Ni rahoto na zauna rubutawa, ina bayanin yadda sabon tsari ya kawo tattali.

Mama ta tsaya a kan kwalayen, hannu a ƙugu.

"Wanga magani da yar rage, na wa na?"

"Na waɗanda sunka girma na, Mama. Da can kuna ba ɗiyan da sunka wuce biyat ba ku sani ba. Yanzu na'ura ta tace su."

Ta kwance robarta, ta baje littattafanta a tabarma, ta sa jerin sunayena a gefe, tana bi da yatsa layi-layi. Ta yi rabin wuni a haka. Wajen la'asar ta kira ni, yatsanta a kan wani shafi.

"Ina ɗiyag ga? Ta ruggar bayan Ibohaman. Ni nik karɓi haihuwatta, ana yankan dawa. Duba mani ita."

Na duba. Tana cikin na'ura, amma ba ta cikin masu rabo. Na ce shekararta biyar.

"Biyat? Ko huɗu ba ta cika ba. Ni da nit tsuhwa ma ban yi saurin ga ba."

Na buɗe bayanin yarinyar don in nuna mata kuskuren mai latsawa. Ranar haihuwa: talatin da ɗaya ga Disamba. Na buɗe na wani yaro, talatin da ɗaya ga Disamba. Na uku ma haka. Sai na tuna cewa ranar gwaji na saka sunana da ranar haihuwata a salula. Na nemo kaina. Ga ni nan, an haife ni talatin da ɗaya ga Disamba na shekarar da ta gabaci tawa.

Ban ɗauki minti goma ba na gane, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Salula ba ta san rana tsurarta ba, dole sai ta maƙala mata lokaci, kuma in ba a ba ta ba sai ta sa farkon ranar, ƙarfe goma sha biyun dare daidai. In za ta naɗe cikin JSON kuma, sai ta mayar da lokacin bisa agogon duniya, wanda namu na Nijar ya riga shi da awa ɗaya. Ta ja da baya awa ɗaya, ranar ta faɗa cikin jiya. Wutsiyar nan da na yanke ita ce take ɗauke da bayanin da zai dawo da ranar wurinta. A wata ƙasa wannan kuskuren kwana ɗaya ne, a yi dariya a gyara. A nan kuwa, inda na tara kowane yaro a bakin ƙofar shekara da hannuna, kwana ɗaya baya ya zama shekara guda cur. Duk ɗan shekara huɗu a takarda ya wayi gari ɗan biyar, na'ura ta share shi daga rabo.

Na yi wa Mama bayani, har da zanen agogo a takarda. Ta saurara har ƙarshe.

"Ni ban gane agogon duniya ba," ta ce. "Ɗiya nawa ka hidda?"

Suna da yawa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don na san abin da sauro yake yi wa yaro a watan da ruwa ya zauna.

Gyaran manhajar bai ci mini wuni ba. Ranar haihuwa ta riƙa tafiya a rubutu tsurarta, shekara da wata da rana, ba awa ba wutsiya, kuma gefe biyun su yarda da wannan tsari ɗaya. Na goge layin nan mai cewa a haɗiye duk abin da ba a gane ba. In wani abu ya zo ba bisa tsari ba, na'ura ta tsaya ta fito da jan rubutunta, ko da wa ke zaune a bayana. Na gwada da ɗaya ga Janairu, na aika na dawo da shi sau ashirin, ya dawo ɗaya ga Janairu. Wannan gwajin shi ya kamata in fara yi tun ranar farko.

Yaran ne ba su gyaru da wuni ɗaya ba. Muka fitar da sabon jeri, muka rarraba kwalayen, muka bazu. Ni ma Mama ta ɗora ni bayan moto, wato babur, da takalmin ofis ɗina. Cikin mako guda muka sami kusan kowa, a wajen Urno, a kwarin Buza, a kan tudun Kaita. Amma da muka isa rugar bayan Ibohaman ba mu tarar da kowa ba, sai turaku da busasshen kashin shanu. Gero ya tasa, manoma sun rufe hanya, makiyaya sun kora dabbobinsu sun yi arewa.

Mai tuƙa moton shi ne ma'aikacin da ya yi rabo a rugar, dattijo ne mai jin Hausa da Fulatanci. Na tambaye shi ko ya tuna yarinyar.

"Na tuna. Uwatta ta kawo ta. Nid duba takarda, ba ta ciki. Nic ce mata ɗiyakki ta wuce shekaru. Ba ta ce komi ba, ta ɗauke ta ta tahi." Ya dube ni. "Kai kac ce wanda babu sunanai kar a ba shi."

"Amma ta san ɗiyatta ba ta kai ba. Mi ya hana ta magana?"

"Ɗiyar hwari ta, malam."

Na san al'adar, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ta tsaya jayayya da namiji baƙo a kansa. Da ɗanta na uku ne wataƙila da ta yi gardama. Sai a nan, ina tsaye cikin kashin shanu, na gane abin da ya sa Mama take rubuta ɗiyar fari a littafinta. Tana tuna wa kanta ne cewa wannan yarinyar ba mai yi mata magana, sai an tambaya. Manhajata tana da gurbi goma sha bakwai, babu na wannan.

Muka yi ta aika saƙo ta bakin masu tallar nono a kasuwanni. Wannan ta ce an gan su wajen kaza, waccan ta ce sun wuce. Lokacin zagaye na biyu ya zo ya wuce ba mu same su ba. Na ajiye maganin yarinyar a aljihun teburina, kullum in na buɗe neman biro sai na gan shi. Na daina sa tabarau, ban ma san ranar da na daina ba.

Wata safiya Mama ta shigo ba ta ko zauna ba. Wata tsohuwar abokiyar aikinta a asibitin mishan ta kira ta, an kawo yarinyar kwana uku da suka wuce, a kan amalanke, jiki kamar wuta, tana fizge-fizge. An ƙara mata jini. Ta farfaɗo.

"Tashi mu tahi," in ji Mama.

"Mama, ni mi za ni ce mata?"

"Abin da ka yi."

Muka same su da hantsi a inuwar itacen dogon yaro, inda masu jinya suke shimfiɗa tabarmi. Yarinyar tana kwance, ƙarama ƙwarai, da filasta a bayan hannu, idanunta a buɗe tana kallon wata kaza. Duk wanda ya gan ta ya ce shekararta biyar, sai a duba lafiyar idonsa. Uwar tana zaune ta ba ta gefe, fuskarta na kallon wani wuri kamar ba tare suke ba. Sai da na durƙusa na lura hannunta yana ƙarƙashin zanen da aka lulluɓe yarinyar, ta riƙe ƙafarta.

Suka gaisa da Mama, suka daɗe suna gaisawa. Sannan Mama ta nuna ni ta ce ga mai na'urar. Matar ta ce mini sannu da zuwa, ta tura mini ƙwaryar nono da ɗayan hannun.

Ban san ko maganin zai hana wannan ciwon ba. Likitoci ma ba za su rantse ba, akwai yaran da suke sha su kamu. Na riƙe wannan a zuciyata duk tsawon hanya, na yi niyyar in fara da shi. Da na buɗe baki sai na kasa. Na ce mata ranar da aka hana ɗiyarta magani, ba laifin mai rabo ba ne. Ni ne na rubuta shekarunta ba daidai ba. Ban ambaci JSON ba, ban ambaci agogon duniya ba. Na ce ba mu san ranar da aka haife ta ba, sai muka sa mata wata rana, ranar kuma ta goce.

Ban ga fushi a fuskarta ba, mamaki na gani.

"Ba ku sani ba?" ta ce a hankali, da Hausarta mai nauyin Fulatanci. "Mi ya hana ku tambaye ni? Ni nih haihe ta. Ran Laraba ta, da sahe, ba a ko tatsa ba. Ana yankan dawa, kwana shidda bayan mun sabko daga arewa."

Ba ta dubi yarinyar ba duk lokacin da take magana, kuma ba ta saki ƙafar ba.

Salula tana aljihuna, da sabuwar manhajata wadda aka gwada sau ashirin. Ba inda zan saka Laraba a cikinta, ko tatsa, ko dawa. Mama ta zaro littafinta ta buɗe shafin yarinyar, ta miƙo mini da biro. Na ɗora shi a gwiwa na rubuta abin da uwar ta faɗa, kalma bayan kalma, a ƙarƙashin inda aka rubuta ɗiyar fari.